Layin Baƙi a Kan Kogin Haruna

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Masanin abin da hannaye suka aikata da abin da harsuna suka ƙaga.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a lissafin wata, tun da muka ɗauki ƙanena Haruna daga unguwar Utaibiyya zuwa Haramin Makka, aka sallace shi bayan la'asar tare da wasu mamatan da ba mu san su ba, muka kai shi maƙabartar Shara'i muka dawo. Cikin shekarun nan ban taɓa rubuta kalma ɗaya a kansa ba, domin na ɗauka mamaci addu'a yake buƙata, ba tawada ba. Bana na karya wannan shiru, kuma ba da sanyin zuciya na karya shi ba. An yi wa Haruna ƙazafi yana kwance a kabari, an yi shi da sunan addini, an kuma sa ɗansa na cikinsa ya gaskata ƙazafin har ya yi aiki da shi. Shaida nake son bayarwa a wannan jarida. Mai karatu ya yi haƙuri da zafin tsoho.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Ni na bi karatu, daga zaure zuwa zaure a Zariya, har Allah Ya kawo ni Makka ina saurayi, na durƙusa gaban malamai, na kuma zauna ina karantar da abin da ya sawwaƙa har yau da gemu ya yi fari. Haruna kuwa Kaduna ya nufa, ya kama aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen da ake fitar da zanen atamfa. A can ya san launi. Yakan ce ba a ɗakin zane ya koya ba, a bakin kogi ya koya, domin ruwan rinin da masaƙu ke zubarwa yakan sa gefen kogin ya wayi gari ja, gobe shuɗi, jibi wani launin da ba shi da suna. A ofishin shugaban sashensu kuma akwai wata kalanda mai zanen Turawa, irin zanen da in ka matso sai ka ga dabbare-dabbare, in ka ja da baya sai gari ya fito da hayaƙinsa da ruwansa. Ya ce ya yi shekara yana satar kallon kalandar nan kafin ya gane cewa masu zanen ba gini suke bi ba, haske suke bi.

Da aka fara rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. Ya zo Umra, ya zauna, kamar yadda da yawa suka zauna. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya masa. Wanda yake cikin wannan hali ya san cewa fita sau ɗaya ce, ba dawowa. Saboda haka Haruna bai sake ganin Kaduna ba har ya koma ga Allah. Ya zama mai fentin gidaje, dahhan kamar yadda Larabawa ke kiransa, ya auri 'yar maƙwabtanmu haifaffiyar nan, suka sami 'ya'ya mata biyu da namiji ɗaya, Faisal.

Wata rana, a farkon zamansa, ya same ni na tashi daga karatu ina naɗe buzu.

Ya ce, "Yaya Malam, tambaya gare ni. Kogi yana da rai?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan?"

"To bututun hayaƙi fa? Na ga yana numfashi."

Na gane inda ya dosa. Na gaya masa abin da na karanta wurin malamanmu na Malikiyya: cewa abin da aka tsananta a kansa shi ne sassaƙa cikakkiyar surar mai rai wadda take da inuwa, zanen mai rai a kan shafi kuwa an ƙi shi, bai kai can ba, amma itace da dutse da ruwa da gini, babu laifi a kansu. Na ƙara da cewa wanda ya bar mai rai gaba ɗaya ya fita daga saɓanin malamai, ya kwana da zuciya ɗaya. A tsaye na ba shi amsar, cikin gaggawa, kamar mai korar ƙuda. Shi kuwa ya riƙe ta sama da shekara talatin. Ko tsuntsu bai taɓa zanawa ba.

Yana da ɗan ɗaki a saman benen da suke haya a Utaibiyya, inda yake ajiye gwangwanayen fenti da tsani. Iyalinsa ba sa hawa saboda warin tina, ruwan tsinka fenti. A nan yake tara ragowar fentin da ya saura a gidajen mutane, ɗan shuɗi daga wani gida a Zahir, ɗan ruwan ƙasa daga wani shago, a kan wani falankin katako da aka cire daga tsohuwar ma'ajiyar kaya. Da tsohon burushi yake aiki, da kuma ƙarfen da ake shafa ma'ajun, abin cike tsagar bango. Shekaru ya yi a kan falankin nan guda ɗaya. Yakan ɗora launi, ya bar shi wata biyu, ya dawo ya rufe shi da wani.

Sau ɗaya tak na hau na gani. Na kafa hanci a jikin katakon, ban ga komai ba sai tabo a kan tabo.

Na ce, "Haruna, ka ɓata katako."

Ya yi dariya ya ce, "Kai komai sai ka kusance shi kamar littafi. Ja da baya, Yaya. Je bakin ƙofa."

Na je bakin ƙofa na juyo. Wallahi sai ga Kaduna da sassafe, kamar yadda na taɓa ganinta ta tagar jirgin ƙasa. A sama jerin masaƙu cikin hazo, da bututun hayaƙi biyar, hayaƙinsu ya karkata gefe guda ya gauraya da jan gabas. A ƙasa kogi ya cika rabin falankin, inuwar bututun biyar ta faɗa cikinsa tana rawa, ruwa ya yanka kowace ɗaya kusa da ƙarshenta, hayaƙin ya dunƙule a can kamar curi. A gefe ɗaya akwai kwalekwale ba kowa a ciki. Na tambaye shi ina mai jirgin. Ya ce, "Ya sauka yin salla. Ai kai ka ce kada a zana shi."

Zuciyata ta motsa a ranar, motsin da ban yi zato ba. Amma me na ce? Na ce lokacin azahar ya yi, na sauka. Ban yaba ba, ban sake hawa ba. A ganina a lokacin, malami ba ya tsayawa kallon fenti. Wannan girman kai ne na sa masa rawanin tsentseni, kuma ga inda ya kai mu.

Matar Haruna ta riga shi rasuwa da shekara biyu. Bayan shi ma ya tafi, haya ta yi wa Faisal nauyi a Utaibiyya, ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Ka'akiyya. Faisal mutum ne mai ladabi, yana aiki a shagon kayan mota a Zahir, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, kuma bai taɓa taka ƙasar iyayensa ba. Da ya hau ɗakin sama kwashe kaya ya tarar da falankin jingine, sai ya ɗauke shi don girmama mahaifinsa, ya buga masa ƙusa a majalisin baƙi. Falankin ba shi da sa hannu, ba shi da igiya, ba abin da ke nuna sama da ƙasa. Mutumin da ya tashi tsakanin duwatsun Makka, wanda bai san ruwa ba sai na famfo da na jarka da ambaliyar da ke wucewa cikin sa'a guda, ina zai san cewa kogi yana ɗaukar hoton abin da ke bakinsa? Ya duba, ya ga wasu dogayen siffofi biyar masu lanƙwasa kamar maza cikin manyan riguna, kowanne da ɗan curi kamar kai. Ya ɗauka mutane ne. Mutane kuwa a tsaye suke zama. Sai ya rataye kogin a sama, masaƙun a ƙasa.

Shekara bakwai zanen nan yana rataye kai ƙasa. Kuma ni, ni da na san gabansa da bayansa, na shiga majalisin nan ba adadi. Al'adarmu ce a zaunar da babba a ƙuryar majalisi, bayansa ga bango. A ƙarƙashin zanen ake zaunar da ni. Ina shiga nakan sunkuyar da kai, don kada a ce Malam yana kallon hoto, in zauna in ba shi baya, in sha gahawa in tashi. Da sau ɗaya na ɗaga ido, da abin da zan faɗa yanzu bai faru ba.

Akwai wani mutum a unguwar su Faisal, shi ma jininmu ne haifaffen nan, shekarunsa ba su wuce arba'in ba. Ba zan ambaci sunansa ba; Ustaz ake ce masa, Ustaz zan ce. Yakan ja salla a ƙaramin masallacin unguwa in liman bai zo ba, yakan kuma yi ɗan tunatarwa bayan la'asar, yana ɗaukar kansa a waya yana watsawa. Watan da ya gabata ya shiga majalisin Faisal barkar haihuwa, ya ɗaga kai ya ga zanen. Bai tambayi wanda ya san shi ba, bai ja da baya ba, bai ce a sauko da shi ba. Nan take ya yanke hukunci: surar mutane ce, mala'ikun rahama ba sa shiga gidan, kuma wanda ya zana yana cikin azaba matuƙar zanen yana nan. Washegari ya maimaita a masallaci. Bai kama suna ba, amma ya ce wani dahhan daga cikin mutanenmu wanda ya bar wa ɗansa zunubi mai gudana a bango. Dahhan nawa ne a cikinmu suka bar zane?

Faisal ya je ya tambaye shi mafita. Ya ce a yanke kawunan. Wannan dabara ce da kowa ya sani a nan: a ja layi a wuyan hoto, a ce an raba kai da jiki. Faisal ya ɗauko fentin feshi baƙi daga shagonsu, ya sauko da zanen, ya daidaita katako biyu, ya fesa layi guda mai kauri kamar yatsu uku daga wannan gefe zuwa wancan, ya ratsa siffofin nan biyar, ya mayar da shi bango. Da Ustaz ya dawo ya gani, sai ya ce ya sake bincike, layi ba ya wadatarwa, sai an shafe duka ko an ƙone.

A nan ne Faisal ya kira ni. Ammi yake ce mini, wato baffa.

"Ammi, ina da su'al, tambaya. Ya'ani, idan uba yana cikin azaba saboda shugul, aikin da ya bari, in ɗa ya ƙone shi, halas, za a ɗauke masa? Ko akwai kaffara da zan yi?"

Na ce, "Wane uba?"

Ya ce, "Abuya." Wato babansa, Haruna.

Na ce kada ya taɓa komai, ya kira Ustaz ɗin, ina zuwa bayan la'asar.

A karon farko cikin shekara bakwai na shiga majalisin nan kaina a ɗage. Na ga zanen rataye kai ƙasa, baƙin layi ya ratsa shi. Ustaz yana zaune ya harɗe, dabino a hannu.

Ya ce, "Baba Malam, ai mas'alar a bayyane take, ba ta kai a tayar da kai ba. Ga su nan, mutum biyar, har da kawunansu."

Na ce, "Ustaz, ka taɓa ganin kogi?"

"Ai ina zuwa Jidda kusan kowane wata."

"Teku na tambaye ka? Faisal, sauko da shi. Juya shi. Ba baya ba, ɗana, ƙasa ta koma sama. Yawwa, jingina shi nan. To ku tashi ku duka biyun ku je bakin ƙofa."

Suka je. Ustaz da murmushi ya je, suka juyo. Masaƙun suka hau sama inda Haruna ya ajiye su, hayaƙi ya tashi maimakon ya zuba, kogi ya kwanta a ƙasa. Layin baƙin nan kuma ya ratsa tsakiyar ruwa, inda babu wuya, babu kai, babu komai sai inuwa.

Faisal ya ce, "Ya Allah. Wannan moya ne? Ruwa?"

Na ce, "Ruwa ne. Kogin Kaduna ke nan. Waɗannan na sama bututun hayaƙin masaƙa ne, inda ubanka ya yi aiki. Waɗanda ka yanka inuwarsu ce a cikin ruwa."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali, "Ammi, ni duk baƙon da ya zo ina gaya masa na tsakiyan nan Abuya ne, sauran abokansa."

Ustaz ne ya amsa.

Ya ce, "Ko da haka ne, Baba Malam, ihtiyaɗi, wato tsentseni, ya fi. Tunda dai yana iya kama da mutum, barinsa shubuha ce."

Na ce, "Ustaz, kai ma in an rataye ka kai ƙasa za ka yi kama da wani abu, amma ba za a sauya maka hukunci ba. Ajiye dabinon nan ka saurare ni."

Abin da na gaya masa a ranar shi zan maimaita a nan, domin ba shi kaɗai ke buƙatarsa ba. Farkon abin da ake koya wa ɗalibin fiƙihu, kafin ya san farillan alwala da sunnoninta, shi ne ba a hukunta abu sai an san mene ne shi. Malaman da na zauna gabansu, Allah Ya jiƙansu, in aka kawo musu tambaya a kan rijiya sai sun ji zurfinta, da abin da ya faɗa, da ko ruwan ya sauya. Sau da yawa na ji wanda ya haddace abin da ni ban ko karanta ba yana cewa bai sani ba, a dawo gobe. Yau kuwa mutum zai ji ƙarshen magana a waya, ya fito da ita kamar adda, duk abin da ya tarar a hanya ya sara. Ihtiyaɗi da yake faɗa, ai a kan harshensa ya kamata ya fara yinsa. Tsentseni shi ne ka ƙuntata wa kanka, ba ka ƙuntata wa kabarin wani ba.

Kuma ko da a ce mutanen ne a jikin falankin, ko da a ce Haruna ya zana fuska da ido da hanci, wa ya ba wani ɗan Adam mabuɗin barzahu da zai leƙa ya dawo ya ce wane yana cikin azaba? Gargaɗi a kan aiki daban, yanke wa mutum ayyananne makoma daban. Na farko aikin malamai ne. Na biyu na Allah ne Shi kaɗai, kuma wanda ya shiga cikinsa ya shiga abin da ya fi zane hatsari nesa ba kusa ba. An umarce mu da kame baki daga mamata, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ustaz ya san wannan, na tabbata ya taɓa faɗarsa a wayarsa. Amma da ya ga maraya mai tausayin uba, wanda ba zai iya ja da shi ba, sai ya manta.

Shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Ba katakon ba ne. Kwana goma sha wani abu Faisal ya yi yana ɗaga hannu yana roƙa wa mahaifinsa sassauci kamar mai roƙa wa ɗan fursuna. Mutumin da ya yi shekara talatin yana hawa tsani a zafin Makka don kada 'ya'yansa su ci haram, mutumin da ya zo ya tambayi hukunci kafin ya tsoma burushi, ya kuma tsaya inda aka tsayar da shi har mutuwa, shi ne aka mayar mai laifi a idon ɗansa. Ban san wata sata da ta kai wannan muni ba.

Sai dai ba zan ɗora wa Ustaz kayan duka in tafi hannu sake ba. Faisal bai san kogi ba domin ba mu gaya masa ba. Mu da muka zo daga can, mun koya wa 'ya'yanmu su ɓoye Hausarsu a kasuwa, mun koya musu hanyar ofishin takardu, ba mu zaunar da su mun ce ga garin da ubanku ya fito, ga yadda jiniyar masaƙa ke tayar da unguwa da asuba, ga yadda kekunan ma'aikata ke cika gada. Haruna ya yi ƙoƙarin faɗa da abin da ya iya, da ragowar fentin mutane. Ni da nake da baki da littafi, na ba abin da ya faɗa baya na sha gahawa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Alhazan da ke zuwa daga Kaduna suna gaya mini masaƙun nan sun yi shiru, rufi ya rufta, ciyawa ta fito inda injuna suke. Hayaƙin da ya zana babu shi, waɗanda suka yi aiki tare da shi wasu sun mutu suna jiran haƙƙinsu. Ina jin wannan zai sa shi kuka, shi da yake cewa warin rini warin abinci ne a gidan ma'aikaci. Amma da ya ga Makka ta yau, inda mai ɗawafi ke ɗaga waya sama yana ɗaukar fuskarsa da Ɗakin Allah a bayansa, inda wanda ya haramta masa inuwar bututu yake watsa tasa fuskar safe da yamma, na san dariya zai yi. Zai gyara hularsa mai ɗigon fenti ya ce, "Yaya Malam, ita fuskar tasa ba ta da rai ne?" Haruna ya fi ni haƙuri. Shi dariya zai yi. Ni na kasa.

Kafin Ustaz ya fita daga majalisin, na nemi abu guda a wurinsa. Na ce a masallaci ka faɗa, a masallaci za ka janye. Ba na neman ka ba ni haƙuri, ba ni ka yi wa ba. Ka tashi bayan la'asar ka ce ka yi kuskure a kan dahhan ɗin nan. Ya ce, "Insha Allahu," irin wadda duk mazaunin Makka ya san ma'anarta. Mako uku suka wuce. Ya yi tunatarwa a kan gulma, ya yi a kan haƙƙin maƙwabci. Haruna bai fito a bakinsa ba.

Ran Juma'ar da ta wuce Faisal ya kira ni ya ce in yi salla a masallacin unguwarsu. Bai gaya mini dalili ba. Da aka sallame muka fito, sai na tarar ya jingina falankin a bangon waje, daidai inda ake ajiye takalma, sama a sama, ƙasa a ƙasa, shi kuma yana tsaye a gefensa cikin rana. Mutumin da ko a ɗaurin aure ba ya ɗaga murya. Da Hausarsa mai tuntuɓe ya yi magana, ba da Larabcin da ya fi masa sauƙi ba, domin tsofaffin da suka san mahaifinsa su ji.

Ya ce, "Ya jama'a, wannan shugul na Abuya ne, Haruna dahhan. An ce akwai mutane a ciki. Ku ja baya ku duba da kyau. Wanda ya ga mutum, ya zo ya nuna mini."

Mutane suka tsaya da takalma a hannu. Wasu suka ja da baya suka duba. Wasu, waɗanda na san sun yi ta yaɗa maganar, suka ce ai su dama ba su ce komai ba, suka wuce da sauri. Ba wanda ya nuna mutum. Ustaz bai fito ta wannan ƙofa ba. An ce ta ƙofar liman ya bi.

Wani tsoho mai sayar da asuwaki ya matso, ya daɗe yana ƙifta ido, sannan ya aza yatsa a kan layin baƙin ya ce, "Ɗana, wannan kuma gada ce?"

Da Faisal ya ce gada ce, da an wuce wurin, ba mai sake tambaya. Bai ce ba.

Ya ce, "A'a, Baba. Duk abin da ke nan na Abuya ne. Wannan kaɗai ni na yi."

Mun tambayi masu sana'ar ko layin zai fita. Sun ce abin da zai ci baƙin zai ci abin da ke ƙarƙashinsa, domin fentin gida ne, ba shi da kariya. Saboda haka zai zauna. In an tambaye ni yau me ya saura na Haruna bayan shekara goma sha ɗaya, ba zan ce zane ba, domin zanen ya sami rauni, kuma katako ne, ƙarshensa gara. Abin da ya saura shi ne ɗa wanda ya tsaya gaban jama'a ya wanke uba ya ɗauki laifin a kansa, wanda yanzu yake yi wa mahaifinsa addu'ar ɗa ga uba nagari, ba ta mai belin ɗaurarre ba. Da kuma shaidar wa, wadda ta zo a makare: na shaida ƙanena bai zana mai rai ba, na shaida ya tambaya kafin ya aikata, na kuma shaida abin da ya zana yana da kyau, maganar da ta kamata in faɗa masa yana da kunnen ji. Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta mini.

Kai kuwa Ustaz, na san ana karanta maka jaridar nan. Wanda ya ja layin ya amsa nasa a bainar jama'a. Saura wanda ya sa aka ja. Haruna ba ya nan balle ka same shi a keɓe ka roƙe shi. Abin da ya rage maka shi ne ka miƙe a inda ka faɗa, ka janye, tun kafin a haɗa ku gaban Wanda ba a rataye masa abu kai ƙasa.